Hoton Wanda Ya Yi Tafiya

Akwai wani hoto da James Barnor ya ɗauka a shekarar 1952, a wani filin wasa da ke Fadama, a nan Accra, birnin da kakanninmu fatake ke kira Ankara. Kwame Nkrumah ne a cikinsa, yana bugun ƙwallon buɗe wasa, a kansa kuwa da wata 'yar farar hula. Wanda bai san asalin hular ba zai ɗauka ado ce kawai. 'Yan jam'iyyar CPP suna kiranta da haruffa biyu, PG, wato hular wanda ya yi saukar karatu a kurkuku, kuma ba mai ɗora ta a ka sai wanda Turawan mulki suka taɓa ɗaurewa saboda neman 'yanci. Shekara guda da 'yan watanni kafin wannan hoto, mutumin nan yana tsare ne a James Fort, yana rubuta saƙonni a takardar bayan gida ana fitar masa da su a ɓoye. Daga can ya tsaya takara a zaɓen Fabrairun 1951, ya samu ƙuri'a 22,780, gwamna ya rasa yadda zai yi da shi, ya buɗe masa ƙofa ranar 12 ga watan. Abin da aka yi nufin ya zame masa tabo, shi da mutanensa suka ɗinka shi hula, suka tsaya da ita gaban mai ɗaukar hoto, fuska a sake.

Mun daɗe muna duban wannan hoto muna tuna samarinmu na Nima da Maamobi da Sabon Zango. Su ma suna shiga, su ma suna fitowa, sai dai babu mai ɗinka musu hula. Ba za mu haɗa ɗan gwagwarmaya da mai fizgen jaka a ma'auni ɗaya ba, wannan kam ko yaro ya san bambancinsu. Amma hoton ya nuna mana wani abu da ya shafe su duka biyu: yadda duniya za ta ga mutumin da aka taɓa ɗaurewa ya rataya ne a kan wanda ya riƙe kyamara, da kuma ko an tambaye shi kafin a danna. Nkrumah ya samu Barnor, ɗan gari mai ganin girmansa, wanda daga baya ya buɗe shagonsa na Ever Young a Jamestown, unguwa ɗaya da kurkukun. Namu kuwa, wa suka samu?

Wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Makola da hantsi, ya kau da kai daga hayaniyar masu atamfa da masu tumatir, zai ga cewa duk kayan aikin shari'ar ƙasar nan suna kewaye da shi, tafiyar ƙafa. Makarantar horar da lauyoyi ta Gana a nan take, har idan lauya ya ce ya yi Makola, ba cefane yake nufi ba. A gangara wajen teku, ga Kotun Ƙoli da sauran kotuna. A miƙa yamma kaɗan, ga Ussher Fort da Turawan Holan suka gina a 1649, ga James Fort da na Ingila suka gina a 1673. An tsare bayi a cikinsu ana jiran jirgi, da aka daina cinikin bayi sai suka koma kurkuku, na farko har zuwa 1993, na biyu har zuwa 2008. Zongo Lane kuwa, inda iyayenmu suka fara sauke kaya tun kafin Malam Bako ya kafa Sabon Zango, tun kafin Malam Amadu Futa ya sari Nima, tana manne da kasuwar. Tun saukar farko muke maƙwabtaka da alƙali da gandiroba.

Samun mulkin kai bai rufe ƙofar ba, masu hular jiya ne dai suka karɓi mabuɗi. A 1957 ɗin kanta aka kori Alhaji Amadu Baba na zangon Kumasi da wani abokin siyasarsa zuwa Najeriya. A 1958 aka yi dokar tsare mutum har shekara 5 ba tare da shari'a ba, a 1960 aka buɗe kurkukun Nsawam, inda J. B. Danquah ya rasu a 1965. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, zanguna suka yi kamar an share. A 1979 sojoji suka rushe tsohuwar Makola, suna zargin matan kasuwa da ɓoye kaya. Dattawanmu sun riƙe wannan duka a ka, daga nan kuma muka gaji wata ɗabi'a: duk abin da ya haɗa ka da hukuma, ka lulluɓe shi.

Shi ya sa a gidajenmu ba a cewa an ɗaure wane. Cewa ake ya yi tafiya. Idan baƙo ya matsa da tambaya, sai a ce yana Kumasi wajen kawunsa, ko ya haura Libiya neman kuɗi, don gara a ce yana cikin hamada da a ce yana Nsawam. Harshenmu ma ya tanadi mayafai iri-iri na wannan wuri: gidan yari, gidan kaso, gidan maza, yanzu kuma gidan gyaran hali. Sai hoton da ke rataye a bangon falo, wanda aka ɗauka ranar saukar Alƙur'ani ko ranar Sallah, yaro sanye da kaftani mai guga, ya ƙi murmushi don a ce ya girma. Wata uwar takan sauke shi ta kai ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofin da ba a ɗinka ba. Wata takan bar shi, tana goge masa ƙura kowace Juma'a. Ko wanne aka yi, agogon yaron ya tsaya a wannan rana. A buɗe albam ɗin gida, ko a duba wayar ƙanwarsa: ga bikin wance, ga sunan wane, ga Sallah biyar a jere, babu shi. Ba a shiga ziyara da waya, ba a shiga da kyamara. Mutum sai ya yi shekara huɗu a raye, ya rame, ya yi gemu, haƙori ya faɗi, ya koyi saƙar kwando ko ya haddace izu goma, ba shi da hoto ko ɗaya da zai nuna wa ɗansa ya ce ga ni a lokacin.

Hoto ɗaya ne ke cike wannan giɓi, shi ne wanda ba mu so. An jera samari a tsugune, wasu ba riga, ankwa ta haɗa hannun wannan da na wancan, an baza wuƙaƙe da ƙullin wiwi da wayoyi a gabansu kamar kayan koli. Da can a jarida yake fitowa, jarida kuwa gobe an naɗe ƙosai da ita, magana ta mutu. Yanzu a Facebook da WhatsApp yake, ba ya tsufa, ba ya yagewa. Kafin a kai yaro gaban alƙali, hotonsa ya riga ya isa wajen dangi a Jamus da Amurka da Jidda. Idan bayan shekara biyu kotu ta ce ba shi da laifi, babu mai zuwa ɗaukar hoton wannan rana, ko an ɗauka ma babu mai turawa. Da rikicin gungun samari ya ɓarke a Nima a watan Janairun 2022, bidiyon ya zaga ƙasar nan cikin sa'o'i kaɗan. Abin ya faru, ba mu musa ba, mu ne ma muka kulle shaguna muka tura yara ɗaki. Amma tun daga ranar, saurayin da ya rubuta Nima a takardar neman aiki, da wannan bidiyo ake karanta sunansa. 'Yan'uwanmu na Asawase a Kumasi kuwa sun ga iyakar inda laƙabi ke kai mutum. A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan zango a yankin Manso Nkwanta, aka sanar wa duniya cewa 'yan fashi ne. Sai da zango ya tashi tsaye aka kafa kwamitin bincike, kwamitin ya ce bai ga hujjar cewa 'yan fashi ba ne, daga baya aka biya iyalansu diyya.

A Amurka, inda yawan fursunoni ya kai kusan miliyan 2.3 a wajejen 2008, masana sun raɗa wa abin suna, mu 'yan kasuwa sai mu ce ɗaurin sari. Gana ba ta kai can ba, ko kusa. Fursunoninta a 'yan shekarun nan suna tsakanin dubu 14 da dubu 15, a gine-ginen da aka yi don kimanin dubu 10. Nsawam, da aka gina don mutum ƙasa da dubu, ta sha ɗaukar sama da dubu 3. Sai dai lissafin ƙasa daban, lissafin lungu daban, kuma hanyar da ke kai talaka ciki a bayyane take. Tsarin mulkin 1992 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin sa'a 48. To, an kai shi, alƙali ya ba da beli, amma sau da yawa akan nemi mai tsaya masa ya nuna takardar fili ko ta gida, ko kuwa ya zama ma'aikacin gwamnati. A unguwar da yawancinmu haya muke yi, gidajen gado kuma takardunsu ba su cika ba, wa zai tsaya? Sai yaro ya koma jiran shari'a. A sauya wa mai binciken wurin aiki, fayil ya yi ɓatan dabo, a yi ta ɗage zama har a manta da shi. Lokacin da aka fara shirin Justice for All a 2007, wanda alƙalai ke zuwa su zauna a cikin kurkukun kansa, kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin ƙasar ba a yanke musu hukunci ba. Adadin ya ragu ƙwarai tun daga nan, kuma a 2016 Kotun Ƙoli, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, ta soke dokar da ta haramta beli a wasu laifuka. An samu sauƙi, a faɗi gaskiya. Amma har yanzu ga masu tara: wanda aka ci shi 'yan ɗaruruwan sidi a kan ƙaramin laifi, ba shi da su, ya tafi ya biya da watanni.

Mai biyan sauran kuɗin kuwa tana Makola. Gwamnati ta yi sama da shekara 10, har zuwa 2025, tana ware wa kowane fursuna sidi 1 da fesuwa 80 na abincin yini guda, kuɗin da ba ya sayen koko da ƙosan safe a Nima. Abin da ya rage, uwa ce ke cikawa. Duk wanda ya san kasuwar ya san irin wannan cefane ko ba a faɗa masa ba: gari, sukari, shito, sabulu, maganin ƙazwa. Ta rufe tebur yini guda ta shiga trotro zuwa garin da sauran matafiya suka sani da burodi. Jarin atamfa ya tafi wajen lauya, adashi ya tafi wajen masu cewa sun san wani a sama, ƙanwar yaron ta bar makaranta ta zauna a tebur. Mutum ɗaya aka ɗaure, gida guda ke cin wa'adin.

Kyamara ta sha shiga kurkuku da niyyar alheri, bai kamata mu butulce ba. A 2015 ɗan jarida Seth Kwame Boateng ya fitar da shirinsa Locked and Forgotten a kan masu jiran shari'a, ƙasa ta girgiza, alƙalai da kansu suka ga inda sa hannunsu ke kai mutane. Ibrahim Oppong Kwarteng da gidauniyarsa Crime Check sun shafe shekaru suna nuna fursunoni a talabijin, jama'a na tara kuɗi ana biya wa masu tara. Tun a 1954 ma mujallar Drum ta Afirka ta Kudu, wadda Barnor ya yi wa aiki shi ma, ta yi irin wannan: Henry Nxumalo ya sa aka kama shi da gangan don ya shiga kurkukun Johannesburg, Bob Gosani kuma ya hau wani gini na kusa ya ɗauko hoton yadda ake tuɓe fursunoni tsirara ana sa su tsalle wajen bincike. Hoton ya yi wa gwamnatin wariyar launin fata zafi, har a 1959 ta yi dokar da ta hana ɗaukar hoton kurkuku da fursuna ba izini. Duk wannan aiki ne na gaske. Sai dai mai karatu ya lura da inda fursuna ke tsaye a cikinsa. Yana gaban kyamara, ana kallonsa, yana hawaye, yana ƙirga laifinsa, yana gode wa mai taimako. Hoton ɗan sanda cewa yake ku ji tsoronsa, hoton mai taimako cewa yake ku ji tausayinsa. Shi kuwa yana da idanu biyu, ya kwana dubu yana kallo da su, babu wanda ya tambaye shi abin da ya gani.

A wasu ƙasashe waɗanda suka kwana a ciki sun karɓi aikin da hannunsu, kuma abin da suka fito da shi ya bambanta da na baƙo. Jesse Krimes, Ba'amurken da aka ɗaure a kan miyagun ƙwayoyi, ba shi da kyamara, sai ya riƙa yanko hotunan waɗanda ake tuhuma daga jarida yana manna su a kan guntayen sabulun kurkuku har fuskar ta zauna a jiki, kusan guda 300. Daga baya ya yi wani babban aiki a kan zannuwan gado 39, da man gashi da cokalin roba yake kwafe hotunan jarida a kansu, yana aikawa waje ɗaya bayan ɗaya, bai ga aikin a haɗe ba sai bayan an sake shi. Joseph Rodriguez ya kwana a kurkukun Rikers na New York yana saurayi, ya fito ya sayi kyamara, ya yi tuƙin tasi, ya ƙare yana ɗaukar hotunan samarin da sauran masu hoto ke tsoron kusanta, a ɗakunansu, da 'ya'yansu a hannu. A Faransa, Mohamed Bourouissa ya haɗa kai da wani da ke tsare, wanda ya riƙa ɗauko masa hotuna da wayar da aka shigar a ɓoye: tagar ɗaki, tukunya, hasken fitila, abubuwan da ɗan jarida zai wuce ba tare da ya waiwaya ba.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne wanda Nicole Fleetwood ta tattara a littafinta Marking Time na 2020, da nunin da aka yi da sunan a New York. A ɗakunan ziyara na kurkukun Amurka akwai bangon zane, fursuna ne ya zana shi, akwai bakin teku, akwai faɗuwar rana, akwai benaye. Iyali su tsaya a gabansa, wani fursuna ya ɗauke su, uwa ta koma gida da hoton ta rataye. Da muka ji wannan sai muka ce ai namu ne. Mu ne fa mutanen Philip Kwame Apagya na Shama, wanda ke tsayar da mutum gaban zanen falo mai firiji cike da kaya, ko matakalar jirgin sama, ya ɗauke shi kamar ya riga ya samu. Mu ne masu rataye hoton Alhaji gaban zanen Ka'aba. Mun san tun tuni cewa mutum na shiga shagon hoto ne don ya faɗi yadda yake so a tuna da shi. Abin da aka hana ɗanmu a shekarun tafiyarsa ke nan.

A layinmu akwai wani saurayi, ba za mu kama suna ba, kuma sai da muka nemi izininsa kafin mu rubuta wannan. An kwashe su ne wani dare suna shan ataya a majalisa. Sauran aka yi belinsu, shi mahaifinsa ya rasu, gidan haya suke. Ya yi shekara uku da wata huɗu yana jiran shari'ar da ba ta zo ba, rana ɗaya aka kira sunansa aka ce ya tafi. Ya tarar maigidansa tela ya ɗauki wani yaro, wadda yake nema tana goyo. Wani kawunsa da ke ƙetare ya aiko masa da waya mai kyakkyawar kyamara, ya fara bin suna da biki yana ɗaukar hoto, yana samun na abinci. Wannan na ciki ne. Akwai kuma waɗanda yake ɗauka don kansa, ba ya nuna su sai ga wanda ya yarda da shi.

Mun gan su. Ƙofofi ne da yawa, duka daga ciki aka ɗauke su, kuma kowace a buɗe take. Akwai siririn sararin sama da ke tsakanin rufin kwano biyu a lungunan Nima, inda mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa. Akwai bokitin ruwa cike, ba kowa a kusa da shi, ba layi. Akwai wani tsoho yana barcin rana a barandar masallaci, shi kaɗai a kan tabarma, ya baje hannu da ƙafa. Muka tambaye shi mene ne abin ɗauka a nan. Ya ce a can a gefe ɗaya ake kwana, ƙirjin wani a bayanka, ba ka juyawa sai kowa ya juya. Mu da muke wuce wannan tsoho kullum, ba mu taɓa ganin cewa dukiya yake kwance a kai ba.

Ɗan fari ne, mahaifiyarsa ba ta kama sunansa. Ita ce ta ba mu labarin abin da ya faru mako guda bayan dawowarsa, tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

"Mma, ki fito min da hoton nan nawa da ke cikin akwati."

"Kai, wa ya ce maka yana akwati?"

"Ba wanda ya faɗa. Ga wurinsa nan a bango, ya fi sauran fentin haske."

Ta tashi za ta mayar da shi inda yake, ya ce ta dakata tukuna. Da wayar ta zo, abin da ya fara ɗauka ke nan: bangon falo mai launin shuɗi da hayaƙi ya dusashe, a tsakiya ga wani murabba'i mai haske, ga ƙusa a samansa. Ya ce wannan ne hotonsa na shekara uku da wata huɗu. An wanke shi, yana rataye yanzu kusa da na saukar Alƙur'anin.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce, mun kuwa ji shi daga bakin waɗanda muke girmamawa. Allah ya rufa wa yaro asiri ya fito, don me za a tona? Gobe zai nemi aure, zai nemi biza, wa zai ba tsohon fursuna 'yarsa? Maganarsu tana da nauyi, su suka ga 1969, su suka san abin da takarda da hoto ke iya yi wa mutum. Akwai kuma wata magana da ta fi wannan nauyi, ta matar da aka yanke wa jaka a Makola da jarinta duka a ciki, ta mai shagon da aka fasa da dare. Ba duk wanda ke ciki ne aka zalunta ba, wasu su suka yi zaluncin, kuma a unguwarmu suka yi shi. Idan irin wannan ya fito ya ɗauki kyamara, hotonsa ba ya biyan bashin da ke kansa, bai kamata ma a bari ya yi zaton haka ba.

Amma sutura da muka sani ta mai ita ce. Mayafin da mutum ya yafa da hannunsa, yana iya buɗe shi ranar da ya ga dama, ga wanda ya ga dama. Abin da muke yi wa 'ya'yanmu ya fi kama da a jefa wa mutum bargo a ka don kada baƙi su gan shi, alhali hoton ankwa yana yawo a wayar kowa. Mun ɓoye wanda zai iya magana, mun bar wanda ba ya gogewa. Mun kuma karanta tun muna makarantar allo cewa Annabi Yusuf ya yi shekaru a kurkuku, ba a ɓoye mana wannan ba, kuma da aka zo fitar da shi sai da ya nemi a bincika maganarsa a fili. Wurin da za a rataye irin waɗannan hotuna ba shi ne matsala ba. Samarin Nima Muhinmanchi Art sun daɗe suna mayar da bangayen unguwa allon zane. Cibiyar Dikan da Paul Ninson ya buɗe a Osu a 2022 tana da littattafan hoto sama da dubu 30, tana kuma koyarwa. Shagon Deo Gratias na Jamestown yana nan tun 1922. Abin da ya rage a gidajenmu yake, ko uwa za ta yarda a ce ɗanta ne ya ɗauka, ko sarkin zango da liman za su zo su tsaya gaban hoton, ko maƙwabci zai ci gaba da gayyatarsa suna bayan ya sani.

Matan Makola dai sun riga kowa gane wannan magana. Baƙon da ya ɗaga kyamara ba sallama ya san abin da ke biyo baya, da Ga da Turanci da Hausa a lokaci guda. Saurayin namu yakan raka mahaifiyarsa kasuwa ranar Asabar, kuma ba ya danna waya sai ya tambaya. Wata rana ya ga ɗaya daga cikin 'yan matan arewa masu dako, waɗanda ake kira kayayei, sunan da rabinsa kayanmu ne na Hausa, rabinsa kalmar Ga mai nufin mata. Tana zaune a cikin daronta tana hutawa, hasken yamma ya sauka a gefen fuskarta. Ya yi mata sallama ya ce, "Ƙanwata, in ɗauke ki?"

Ta dube shi ta ce, "Ba haka ba, Yaya. Tsaya."

Ta miƙe ta cire gammo, ta ari mayafin ƙawarta, ta wanke fuska da ruwan leda, ta je ta tsaya gaban wani shago mai leshi jere har sama, ta haɗa hannuwa a gaba. Ta ce kada daron ya fito. Ya tura shi gefe da ƙafa. Ya ɗauka sau uku, ta zaɓi ɗaya, ta karanto masa lambar yayanta da ke Walewale ya aika. Ya ce ko zai riƙe ɗaya, don na farkon da ya gani a ransa ya fi kyau, wannan ma ba laifi. Ta girgiza kai. Ta tsaya a kansa har sai da ta ga ya goge duka ukun daga wayar, sa'an nan ta mayar da mayafin, ta ɗora gammo, ta bi wata Hajiya da ta sayi buhun albasa.